Yadda Ake Hasashen Guguwar Dusar Ƙanƙara da Yadda Ake Kwatanta Zubarta Tsakanin Yankuna

Duk wanda ya saba bin rahoton yanayi a ƙasashen da hunturu ke tsananta ya san cewa babu abin da ke jawo wa masu hasashe tsangwama kamar dusar ƙanƙara. Dalili kuwa shi ne adadin da suke faɗa, a ce santimita 30, amsar tambayoyi uku ne da aka ninka da juna: ruwa nawa gajimare zai sauke, a wace siffa zai iso ƙasa, kuma kowane milimita na ruwan zai kumbura ya zama dusa mai zurfin nawa. Idan aka ɗan kuskure a kowace tambaya, kuskuren yakan haɗu ya zama babba, har a wayi gari an rufe makarantu da filayen jiragen sama saboda dusar da ba ta zo ba, ko kuma ta binne garin da aka ce wa ya kwantar da hankalinsa. Wanda ke son ya iya karanta hasashe da kansa, ko ɗalibi ne da karatu ya kai shi Kanada ko arewacin Amurka, ko mai sha'awar ilimin yanayi kawai, dole ne ya koyi warware adadin zuwa waɗannan tambayoyi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zafin iska daga ƙasa zuwa sama

Sabon shiga yakan dubi ma'aunin zafi na bakin ƙofa, ya ga ya sauka ƙasa da sifili, ya yanke hukuncin cewa dusa ce za ta sauko. Wannan bai wadatar ba, domin a cikin gajimare ake ƙera dusar, kilomitoci sama da kanka, kuma sai ta ratsa duk iskar da ke tsakani kafin ta taɓa ƙasa. Abin da kake bukata shi ne zafin iskar hawa-hawa. Ana samun sa daga balan-balan ɗin da ɗaruruwan tashoshin yanayi a faɗin duniya ke saki sau biyu a rana, da ƙarfe 12 na dare da ƙarfe 12 na rana agogon GMT, kowanne ɗauke da 'yar na'ura mai aiko da zafi da laima da matsin iska yayin da take hawa. Masana ba su cika kiran hawan sama da mita ba, da matsin iska suke kiran sa, wanda ake aunawa da miliba: hawan miliba 850 yana kusan mita 1,500 daga doron teku, na miliba 700 kusan mita 3,000, na miliba 500 kuwa kusan mita 5,500. Ka haddace waɗannan ukun, domin duk taswirar da za ka buɗe da su take magana.

Idan iskar tana ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas tun daga gajimare har ƙasa, dusa ce za ta iso. Idan akwai wani hawa mai ɗumi a tsakiya, galibi tsakanin mita 1,000 da 2,000, to a nan gizo ke saƙa. Hawan ɗumin idan siriri ne kuma iskar da ke ƙarƙashinsa mai sanyi ce mai kauri, dusar za ta ɗan narke ta sake daskarewa a hanya, ta faɗo a matsayin 'yan tsakuwoyin ƙanƙara masu ƙara a jikin taga, waɗanda ba sa taruwa da zurfi. Idan kuwa hawan ɗumin mai kauri ne, sanyin kuma ya maƙale a dab da ƙasa kawai, dusar za ta narke gaba ɗaya ta sauko ruwa, amma da zarar ta taɓa waya ko reshe ko kwalta sai ta daskare nan take. Wannan shi ne mafi haɗari duka. A watan Janairun 1998 irin wannan ruwa ya kwana da kwanaki yana zuba a kudancin Quebec da gabashin Ontario a Kanada, nauyin ƙanƙarar ya karya manyan turakun lantarki na ƙarfe, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu a tsakiyar hunturu.

Akwai gajeriyar hanya da tsofaffin masu hasashe suka dogara da ita, wato layin 540. Iska mai sanyi takan tsuke, mai ɗumi ta buɗe, saboda haka tazarar da ke tsakanin hawan miliba 1,000 da na miliba 500 tana nuna matsakaicin zafin iskar da ke tsakani. Inda tazarar ta gaza mita 5,400 an fi sa ran dusa, inda ta haura an fi sa ran ruwa. Ka ɗauke shi a matsayin kallon farko kawai, domin matsakaici ne, kuma matsakaici yana iya ɓoye siririn hawan ɗumin nan da ke sauya komai. A kan tsaunuka ma ba ya aiki yadda ya kamata.

Sannan ka duba bushewar iskar da ke kusa da ƙasa. Idan ma'auni na nuna digiri 3 sama da sifili amma iskar a bushe take, zubar farko za ta riƙa ƙafewa a hanya, ƙafewar kuma tana sanyaya iska, ta yadda cikin sa'a ɗaya ko biyu ruwan zai iya rikiɗewa ya koma dusa.

Milimita nawa, santimita nawa

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce goma bisa ɗaya: milimita 1 na ruwa yana ba da santimita 1 na dusa. Tana da sauƙin lissafi, amma ba kasafai take faɗawa daidai ba. Dusar da ta zubo zafin iska na dab da sifili jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, tana iya zama biyar ko shida bisa ɗaya; ita ce mai dunƙuluwa a hannu, mai karya rassa, mai sa masu share ƙofar gida ciwon baya. Wadda ta zubo cikin sanyi sosai kuma babu iska mai ƙarfi tana iya kai ashirin ko talatin bisa ɗaya, ana share ta da tsintsiya. Bambancin kamar na mudun gari ne da aka zuba sakwa-sakwa da wanda aka danna da hannu: garin ɗaya ne, cikar ce ta bambanta. Ruwa milimita 25 zai iya zama santimita 15 a wani gari, ya zama santimita 50 a wani.

Domin ka san inda za a faɗa, ka nemi hawan da zafinsa yake tsakanin digiri 12 da 18 ƙasa da sifili. A wannan sanyin ne ƙwayoyin dusa ke fitar da rassa shida masu yatsu, waɗanda idan sun sauka sukan sarƙe da juna su bar iska mai yawa a tsakaninsu. Idan wannan hawa yana cike da laima, kuma a daidai nan iska ta fi hawa sama da ƙarfi, to ka ɗaga lissafinka zuwa sha biyar ko ashirin bisa ɗaya. Idan kuma ana sa ran iska mai ƙarfi a ƙasa, ka sauko da shi, domin iska tana farfasa rassan ta cusa ƙwayoyin cikin juna. Ka kuma tuna da ƙasar kanta: dusar farkon hunturu da ta sauka da rana a kan kwalta mai ɗumi tana narkewa kafin ta taru, alhali a kan ciyawar gefen titin ta yi fari fat.

Hanyar da cibiyar guguwa za ta bi

Manyan guguwowin da ke afka wa gabar gabashin Amurka, daga Washington zuwa New York da Boston, suna samuwa ne idan iska mai sanyi daga Kanada ta haɗu da iska mai ɗumi da laima da ke kan ruwan Atilantika, inda igiyar ruwa mai ɗumi ke tasowa daga mashigin Meziko ta bi gabar. Cibiyar ƙarancin matsin iska takan kafu a wurin haɗuwar, kuma a arewacin duniya iska tana kewaya irin wannan cibiya saɓanin tafiyar hannun agogo. Ma'anar wannan a aikace ita ce gefen dama na hanyarta yana samun iskar teku mai ɗumi, wato ruwa, gefen hagu kuma, arewa maso yamma, shi ke samun dusa mafi yawa a wani ziri da ba shi da faɗi sosai. Masu hasashe a yankin suna da wani wurin awo a cikin teku, inda layin digiri 40 na arewa ya gitta na digiri 70 na yamma. Idan cibiyar ta bi ta kusa da nan, biranen gabar sun shiga zirin. Idan ta raɓo tudu, dusar ta koma ruwa a biranen ta tafi cikin ƙasa. Idan ta karkata gabas sosai, ta zube a teku. Ka lura da saurin faɗuwar matsin iskar ma. Idan ya faɗi da kimanin miliba 24 cikin sa'o'i 24, guguwar tana ƙarfafa da gaggawa, kuma iskar da za ta biyo baya ita ce abin tsoro. A Amurka ba zurfin dusa ne ke sa a ba da gargaɗi mafi tsanani ba; sharaɗin shi ne iska mai gudun kilomita 56 a sa'a ko fiye, ganin gaba ya gaza mita 400, kuma hakan ya ɗore sa'o'i uku.

Hanyar cibiyar kuwa daga manhajojin kwamfuta ake samun ta. Biyu ne suka fi shahara: GFS ta gwamnatin Amurka, wadda ake gudanarwa sau huɗu a rana, da ta cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, ECMWF, mai hedikwata a garin Reading na Ingila. Kanada da Jamus da Birtaniya ma suna da nasu. Kada ka riƙe guda ɗaya ka yi watsi da sauran, kuma kada ka dogara da fitowa ɗaya. Kowace cibiya tana sake gudanar da manhajarta sau da yawa tana ɗan sauya bayanan farawa, ta Turai sau 51, ta Amurka sau 31, domin a ga yadda ƙaramin kuskure a awon yau zai girma nan da kwana biyar. Ka buɗe taswirar da ke nuna inda kowace fitowa ta ajiye cibiyar guguwar. Idan ɗigogin sun taru wuri ɗaya, kana iya magana da ƙarfin gwiwa. Idan sun warwatsu a faɗin kilomita ɗari huɗu, to gaskiyar maganar ita ce ba a sani ba tukuna, kuma faɗin haka shi ma hasashe ne.

Kowane nisa da abin da ya dace a faɗa a cikinsa. Kwana bakwai zuwa goma kafin lokacin, iyakar abin da za a iya cewa shi ne yanayin ya karkata ga sanyi da hadari. Taswirorin nan masu launuka da ake yaɗawa a Facebook da sauran kafafe, masu nuna wa kowane gari adadinsa tun saura kwana goma, a ganina ba su da wani amfani sai tayar da hankali, balle ma da yawansu da goma bisa ɗaya aka lissafa su, har da tsakuwoyin ƙanƙara aka ƙirga a matsayin dusa. Kwana uku zuwa biyar ake fara maganar hanya da yankin da abin zai shafa. Sai saura kwana ɗaya ko biyu ake faɗin adadi, shi ma a matsayin tsakanin kaza da kaza. Idan zubar ta fara, sai ka koma kan na'urar rada da hotunan tauraron ɗan'adam da manhajoji masu gajeren zango irin HRRR, wadda ake sabuntawa kowace sa'a kuma take raba ƙasa zuwa murabba'ai na kilomita uku-uku.

Guguwa biyu da suka zo shekara ɗaya tsakani sun isa darasi. A ƙarshen Janairun 2015 an yi wa birnin New York hasashen santimita 60 ko fiye, aka hana zirga-zirgar motoci, aka tsayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa. Cibiyar ta bi gabas da inda aka zata da abin da bai wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba, sai aka auna kusan santimita 25 kawai a dandalin Central Park, alhali Boston ta samu kimanin 60, garin Worcester kuma kusan 88. Guguwar ta zo da girman da aka faɗa, gefenta ne ya gota. A Janairun 2016 kuwa, kwanaki kaɗan kafin wata guguwar, ana ganin New York a bakin gefen arewa take, sai zirin ya matso, birnin ya samu kusan santimita 70, adadi mafi yawa da aka taɓa aunawa a guguwa ɗaya tun da aka fara ajiye bayanai a wurin a 1869. Saboda haka idan ka buɗe taswirar hasashe, ka fara neman inda launuka suka matsu da juna, inda adadi ke faɗuwa daga 50 zuwa 10 cikin ɗan gajeren nisa. Idan garinka yana wurin, adadin da aka rubuta masa shi ne mafi rauni a duk taswirar. Hukumar yanayi ta Amurka yanzu takan fitar da ƙarin taswira biyu, ɗaya ta mafi ƙarancin abin da ake tsammani, ɗaya ta mafi yawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi adadin tsakiyar gaya maka gaskiya.

Dusar da tafki ke haifarwa

Akwai wata irin zuba da ba ta bukatar babbar guguwa ko kaɗan, kuma ita ce ke sa wasu garuruwan jihar New York suke ninka birnin New York sau uku ko huɗu. Idan iska mai tsananin sanyi ta ratsa kan Manyan Tafkuna da ke tsakanin Amurka da Kanada kafin su daskare, takan ɗebi ɗumi da tururi daga ruwan, ta yi sauƙi ta hau sama, ta zama zirin gajimare da ke zazzage kayansa a gaɓar da iskar ta nufa. Hasashen wannan yana da sharuɗɗa bayyanannu da kowa zai iya dubawa.

Da farko ka ɗebe zafin hawan miliba 850 daga zafin ruwan tafkin. Ana bukatar bambancin digiri 13 aƙalla. A ce ruwan yana digiri 8 a watan Nuwamba, iskar sama kuma tana digiri 12 ƙasa da sifili, bambancin ya kai 20, wanda ya wuce sharaɗin nesa ba kusa ba. Bayan haka ka auna tsawon tafiyar da iskar za ta yi a kan ruwa, wanda ake so ya kai kilomita 100 ko kusa da haka. Tafkin Erie ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas na tsawon kusan kilomita 390, birnin Buffalo kuma yana zaune a ƙarshensa na gabas, don haka idan iska ta daidaita da tsawon tafkin, duk abin da ta ɗebo a kan Buffalo da kewayenta take juye shi. Sannan ka duba ko iskar ƙasa da ta hawan miliba 700 suna fuskantar wuri ɗaya. Idan saɓaninsu bai kai digiri 30 ba, zirin zai zama guda ɗaya mai ƙarfi. Idan ya haura 60, zai tarwatse ya zama yayyafi nan da can.

Wahalar tana wurin sanin inda zirin zai tsaya, domin faɗinsa sau da yawa bai wuce kilomita 20 zuwa 30 ba. Iska ta ɗan juyo daga yamma, ya koma unguwannin kudu na Buffalo. Ta ɗan juyo daga kudu maso yamma, ya hau tsakiyar birni da filin jirgin sama. A tsakiyar Nuwamban 2014 zirin ya kafe a kudu da gabashin Buffalo, ya sauke fiye da mita ɗaya da rabi a zubar farko, wasu wuraren suka haura mita biyu bayan ta biyu, alhali 'yan kilomitoci a arewa abin da ya sauka bai taka kara ya karya ba. Mutanen da ke tsakiyar birni suna tsaye a sarari suna hango bangon gajimare miƙe daga kan tafki kamar an yanka shi da wuƙa, a bayansa kuwa motoci sun nutse har rufi a kan babbar hanya. A irin wannan hali adadi ɗaya ga birni guda ba shi da ma'ana, unguwa-unguwa ake hasashe.

Abu na ƙarshe shi ne daskarewar tafkin. Erie ba shi da zurfi, matsakaicinsa kusan mita 19, saboda haka a yawancin shekaru ƙanƙara takan rufe mafi yawansa zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu, tururi ya yanke. Tafkin Ontario kuwa matsakaicin zurfinsa ya kai mita 86, da wuya ya daskare duka, shi ya sa Syracuse da tudun Tug Hill da ke gabashinsa suke shan zuba har ƙarshen hunturu.

Kwatanta yanki da yanki

Kafin ka jera alƙaluman garuruwa biyu, ka tabbatar abu ɗaya suke aunawa. Jimillar zubar shekara daban, zurfin dusar da ke kwance a ƙasa daban, ruwan da ke cikinta kuma daban. A Amurka ana auna sabuwar zuba a kan wani allo da aka shafa wa farin fenti domin kada ya ɗauki zafin rana, a ajiye shi nesa da gini da itatuwa, a kafa 'yar tuta kusa da shi don a gane wurinsa idan ya nutse. Mai awo yakan soka sandar awo har ta taɓa allon, ya rubuta, ya share, ya ɗora allon a saman dusar da ke kewaye. Ƙa'ida ita ce kada a share shi fiye da sau ɗaya cikin sa'o'i shida, domin dusa tana lotsawa da nauyin kanta, wanda ke sharewa kowace sa'a zai tara adadin da ya fi na maƙwabcinsa ko da abu ɗaya ya sauka musu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Janairun 1997 an ba da rahoton kusan santimita 196 cikin sa'o'i 24 a Montague da ke kan Tug Hill, adadin da zai karya tarihin santimita 193 na Silver Lake a jihar Colorado tun Afrilun 1921, amma kwamitin da ya bincika ya ƙi amincewa da shi saboda an share allon fiye da yadda ƙa'ida ta yarda. A Japan kuma yanzu na'ura ce ke auna zurfin kowace sa'a, a tara ƙarin da aka samu, don haka alƙalumanta ba su yi daidai da na Amurka kai da kai ba.

Bayan haka ka tabbatar shekarun ɗaya ne. Ana lissafa matsakaicin yanayi a kan shekara 30, kuma wanda ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. A kansa Washington na samun kusan santimita 35 a shekara, New York kusan 75, Boston kusan 125, Buffalo kusan 240, Syracuse kuwa ta haura mita uku. Amma kada matsakaicin ya rufe maka ido daga yadda shekaru ke saɓawa. Biranen gabar teku sun dogara ne da guguwa biyu ko uku a shekara, idan suka gota shi ke nan: New York ta samu kusan santimita 6 kacal a hunturun 2022 zuwa 2023, Washington ta samu fiye da 140 a na 2009 zuwa 2010, Boston kuma kusan 280 a na 2014 zuwa 2015. Garuruwan bakin tafki suna tara nasu ne daga zuba da yawa, don haka matsakaicinsu ya fi kusa da abin da mazauni zai gani a shekarar da ba ta fita daban ba.

Sai babbar tambaya, wadda ita ce ke ba kwatancen ma'ana: daga ina laimar ke zuwa, kuma me ke ɗaga ta sama? Nisa daga layin da ya raba duniya arewa da kudu ba ya amsa wannan. Buffalo da Sapporo ta Japan da Marseille ta Faransa duk suna kusa da layin digiri 43 na arewa, amma Sapporo tana samun kusan mita biyar a shekara, Marseille kuwa sai a yi shekaru ba a ga dusa ta kwanta ba. A Japan iskar Sibiriya ce ke ratsa Tekun Japan mai ɗumi, aiki iri ɗaya da na tafki amma a kan ruwan da ya fi faɗi kuma ba ya daskarewa, sannan ta yi karo da tsaunukan da suka raba tsibirin Honshu biyu. Gefen Niigata da Toyama da Aomori ya nutse, Tokyo da ke bayan tsaunukan kuma tana cikin rana da bushewa, matsakaicinta bai kai santimita 10 ba. A dutsen Ibuki an auna zurfin mita 11.82 a Fabrairun 1927. Ɗan abin da Tokyo ke samu daga wata hanya dabam yake zuwa, daga guguwar da ke bin gabar kudu, irin ta gabashin Amurka, kamar a Fabrairun 2014 da ta ba Tokyo santimita 27, garin Kofu kuma 114. Landan tana arewa da dukkan waɗannan, amma iskarta daga Atilantika take zuwa da ɗuminta. Sai iska ta juyo daga gabas ta ratsa Tekun Arewa, kamar ƙarshen Fabrairun 2018, sannan gabashin Birtaniya ke ganin zuba mai yawa.

Tsananin sanyi ma ba ya nufin yawan dusa, domin iska tana rasa kusan kashi 7 cikin ɗari na tururin da za ta iya riƙewa duk lokacin da zafinta ya sauka da digiri ɗaya. Fairbanks da ke tsakiyar Alaska ta fi Valdez ta bakin teku sanyi sosai, amma Valdez tana ninka ta a zuba sau da yawa. Inda aka fi tara dusa a duniya wurare ne masu matsakaicin sanyi da ke fuskantar teku kuma suna da tudu, irin dutsen Baker na jihar Washington, wanda ya samu kusan mita 29 a hunturun 1998 zuwa 1999. Tudun ma da kansa sai an sa shi a lissafi, tunda zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane kilomita na hawa, kuma tashar da ke cikin kwari ba ta wakiltar gangaren da ke samanta.

Idan manufar kwatancenka ruwan sha ne da noma, ka bar santimita ka koma ruwan da ke cikin dusar. Ana soka bututu ya huda ta har ƙasa, a zaro shi a auna nauyinsa, daga nan a san milimita nawa za ta bayar idan ta narke. Mita ɗaya na jiƙaƙƙiyar dusar tsaunukan Sierra Nevada a Kalifoniya ya fi mita ɗaya na busasshiyar dusar Utah ruwa, kuma jihar Kalifoniya, wadda ke samun kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwanta daga wannan narkewa, a kan awon farkon watan Afrilu take tsara rabon ruwan madatsunta. A ranar 1 ga Afrilun 2015 awon ya nuna kashi 5 cikin ɗari kawai na abin da aka saba, kuma a ranar ce gwamnan jihar ya ba da umarnin rage amfani da ruwa a birane da kashi 25 cikin ɗari.